Tsarin Kafala da Ma'aikata Baƙi a Ƙasashen Larabawa

Kalmar “kafala” Larabci ce, ma'anarta lamuni ko ɗaukar nauyin wani. A ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha kuwa, ta zama sunan tsarin ɗaukar ma'aikata baƙi.

A asalin tsarin, izinin zaman ma'aikaci yana hannun ubangidansa ne, wato kafili. Ba shi da ikon sauya wurin aiki ko barin ƙasar sai da yardar kafilin. Idan ya gudu don an hana shi albashi, shi hukuma ke ɗauka mai laifi.

An samu gyare-gyare daga baya. A shekarar 2020 Katar ta soke sharaɗin neman izinin ubangida kafin sauya aiki, ta kuma tsayar da riyal 1,000 a matsayin mafi ƙarancin albashin wata. Saudiyya ma ta sassauta nata tsarin a 2021, sai dai sassaucin na wannan shekara bai haɗa da masu aikin gida ba, alhali aikin da ke kai mata da yawa daga Nijeriya can ke nan.

Saboda haka, ya kamata mai niyyar tafiya ya sa a fassara masa yarjejeniyar aiki kafin ya sa hannu. Ya kuma sani cewa dokokin ƙasashen biyu sun haramta wa ubangida ƙwace fasfon ma'aikaci.