Dalilin Sākewar Launin Ganye da Kaka a Ingila

Baƙon da ya sauka Landan cikin watan Oktoba, abin da kan fara damunsa shi ne gajartar yini. A ƙarshen Yuni rana takan yi fiye da awa 16 a sama, amma a ƙarshen Disamba ba ta ko cika awa 8. Sai a ga mutum ya ƙudundune cikin kwat, ya sunkuyar da kai, yana sauri zuwa tasha, bai lura da abin da ke gudana bisa kansa ba.

Itatuwa kuwa sun riga shi jin wannan gajarta. Koren ganye wani sinadari ne da masana ke kira kulorofil, da shi itace ke kama hasken rana ya haɗa abincinsa. Da yini ya soma raguwa, sai itacen ya wargaza sinadarin nan, ya janye abin amfanin da ke cikin ganye ya adana a rassa da saiwa, kamar yadda manomi ke kai hatsi rumbu. Rawayan da ke bayyana ba baƙo ba ne, dā ma yana nan, kore ne ya lulluɓe shi. Ja shi ne sabo, daga sukarin da ya rage a ganye ake yinsa, don haka ya fi kyau a shekarar da aka sami hasken rana sosai da sanyin dare. Daga bisani gindin ganyen ya toshe, iska ta kaɗo shi. Wanda ya san kuka da rani ba zai yi mamaki ba, gama dalilin kusan ɗaya ne, watau tattalin ruwa.

Tsayawa a dubi wannan abu ba aikin ragwaye ba ne. A 1984 wani masani a Amurka, Roger Ulrich, ya buga binciken da ya yi kan marasa lafiya 46 da aka yi wa aikin matsarmama a wani asibiti na jihar Pennsylvania. Rabinsu tagarsu na duban itatuwa, rabi na duban bangon bulo. Masu duban itatuwa sun riga sauran samun sallama, ba su kuma bukaci maganin zafi mai ƙarfi kamarsu ba.

Sai dai lokacin kallon ƙanƙane ne. A Lambun Kew launin yakan kai matuƙa daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, iskar dare ɗaya kuwa tana iya barin reshe tsirara.