Fa'idar Kunun Dawa Ga Mai Tumbi Da Mai Kumburin Ciki

Wanda ya shiga kasuwar Shuwarin, kusa da Dutse, bayan kaka, zai ga buhunan ƙaura da farafara jibge. Amma in ya leƙa rumfuna da safe, sai ya tarar da yawan 'yan kasuwa da shayi da burodi suke karya kumallo, da rana kuwa shinkafa ko taliya. Mutum ya wuni zaune, ba noma ba tafiya, sannu a hankali tumbi ya fito, ciki ya riƙa kumburi, bayan gida ya yi wuya. Haka nan malamin da ke wuni a zaure gaban almajirai.

To, ku sani a ƙasar Hindu, watau Indiya, akwai wani tsohon ilmin magani da ake kira Ayurbeda. Masu wannan ilmi sun ce a cikin ɗan Adam akwai wata wuta mai dafa abinci, suna ce mata agni. In ta yi rauni sai abinci ya kwanta bai narke ba, daga nan cuta ke tasowa. Saboda haka suka ba kunu babban matsayi, har suka kasa shi bisa yawan ruwansa: mai kauri, ruwa kashi 4 ga hatsi kashi 1, matsakaici kashi 6, tsararo kuwa kashi 14. Wanda cikinsa ya raunana, da tsararon ake fara masa, sa'an nan a riƙa ƙara kauri har ya koma daidai.

Galibi da shinkafa suke dama wannan kunu, amma sun san dawa sarai, jowar suke kiranta. Asalinta daga Afirka ne, ta ƙetare teku zuwa can kimanin shekara 4,000 da suka wuce. Sun lissafa ta cikin abinci busasshe mai rage kitse da majina, wanda ya dace da mai nauyin jiki. Ramamme kuwa mai yawan iska a ciki, sun ce ya haɗa ta da man shanu. Har wa yau suna girmama ta, domin bisa shawarar Indiya ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 ga gero da dawa da danginsu.

Likitocin zamani da suka auna ƙwayar dawa sun samu cewa dusarta na ɗauke da wani abu wanda ba ya narkewa. Shi ke riƙe ƙoshi, mutum ya daɗe bai ji yunwa ba, shi ne kuma ke sauƙaƙa bayan gida. To, a nan gizo ke saƙar. In aka surfe dawa fes, aka niƙa ta liƙis, aka tace gasara, sa'an nan aka antaya sukari, mafi yawan fa'idar ta tafi ga akuya tare da dusa, mai gida ya sha tsurar gari da zaƙi.

Mai son amfaninta sai ya sa a yi mata surfe kaɗan, a bar garin da ɗan tsaki-tsaki. A dama da tsamiya, da citta da kanumfari, a rage sukari ƙwarai ko a bar shi ɗungum. Ya san iyakar ludayin da zai sha, kada ya bi shi da tulin ƙosai, kuma ya riƙa taka sawu zuwa kasuwa maimakon hawa babur.

Amma fa dawa abinci ce, ba ta maye gurbin magani. Mai ciwon sukari ya yi hattara, domin kunu tsararo yakan ɗaga sukarin jini da sauri. Irin wannan ya je asibiti, kamar na Rasheed Shekoni a Dutse, a auna shi, a faɗa masa abin da ya dace da jikinsa, don abincin wani gubar wani.

Alhasali, abin da mutanen Hindu ke yabo yana nan cikin rumbun kowane manomin Jigawa. Saura a san yadda za a dama shi, da iyakar da za a tsaya. Haza wasalam.