Tsohon Jirgin Shaƙatawa: Abin da Fenti Yake Ɓoyewa

A Amurka akwai jiragen ruwa na shaƙatawa fiye da miliyan 11 masu rajista, kuma jihohin Fulorida da Minesota da Mishigan ne kan gaba wajen yawansu. Yawancinsu ƙananan jirage ne masu inji, na fita da iyali ranar hutu, a sha iska a tafki, a jefa ƙugiya don nishaɗi, a dawo gida kafin magariba. Yawancin masu su na hannu suka saya, domin na hannun da ake cinikinsu a shekara sun ninka sababbi kusan sau uku. Dalilin yawansu a kasuwa shi ne tun daga shekarun 1960 masu ƙira suka bar katako suka koma faiba, wato zaren gilashi da ake jiƙawa da danƙon roba ya daskare. Faiba ba ta ruɓewa, ba ta tsatsa. Jirgin da ya shekara 35 ana iya wanke shi a goge, ya fito fes. A nan mai saye yake rasa gane inda haɗarin yake.

Mu ɗauki mutum a Mishigan da ɗan kuɗinsa a hannu, ya tarar da jirage uku na ƙarshen shekarun 1980, farashinsu kusan ɗaya. Na farko Bayliner Capri ne mai tsawon ƙafa 19, yana sheƙi, an sake masa rigar kujeru. Na biyu Sea Ray mai ƙafa 24, da ɗan ɗakin kwana a gaba. Na uku Boston Whaler Montauk mai ƙafa 17, launinsa ya koɗe, ba shi da wani kayan ado. Ido zai tafi kan Sea Ray saboda girma, ko kan Bayliner saboda kyau. Amma kafin a zaɓa, sai an san yadda aka gina kowanne daga ciki.

Faiba ita kaɗai tana lanƙwasa. Don a ba ta ƙarfi, masu ƙira na wancan zamani sukan binne katako a cikinta a wurare uku: bangon baya, inda inji yake rataye ko yake ratsawa, dogayen ginshiƙan da suke kwance daga gaba zuwa baya a ƙarƙashin daɓe, waɗanda su ne ƙashin bayan jirgin, sai kuma daɓen kansa. Muddin katakon a rufe yake ruf, zai daɗe ƙwarai. Amma duk ƙusar da aka ɗaura a jikinsa, ta tsani ce ko ta kujera ko ta na'urar auna zurfi, ƙofa ce aka buɗe wa ruwa. Ruwan yakan shiga kaɗan-kaɗan, ba shi da hanyar fita, kuma a ƙasar sanyi yakan daskare da hunturu ya kumbura ya ƙara faɗaɗa wurin. Bayan shekaru sai katakon ya zama dusa alhali fatar waje tana nan sumul, kamar azarar da gara ta cinye ta bar ɓawon.

Wannan ita ce cutar da ta fi kashe tsofaffin jirage, kuma ana iya gano ta ba tare da fasa komai ba. A bi bangon baya da ƙaramar gudumar roba ana ƙwanƙwasawa: lafiyayyen wuri yana ba da sauti mai kaifi, ruɓaɓɓe kuma sautinsa a dushe yake. A ɗaga ƙafar injin, wato ɓangaren da farfela take, a danna ta da ƙarfi ana kallon bangon. In ya motsa ko da kaɗan ne, magana ta ƙare. A duba ƙarƙashin kowace ƙusa, ko akwai sawun ruwa mai launin shayi da ya gangaro. Sannan a taka daɓen ko'ina, taku bayan taku. Inda ya lotsa, mai jirgi zai ce ɗan wuri ne kawai, gyaran yini ɗaya. Kada a yarda. Daɓe daga ƙasa yake ruɓowa, don haka in laushin ya kai ga tafin ƙafa, galibi ginshiƙan da ke ƙarƙashi sun riga shi lalacewa. Gyaransu yana nufin a cire inji, a yanke daɓe, a ƙwaƙule tsohon katako, a sa sabo a lulluɓe. A jirgi irin wannan Bayliner ɗin, kuɗin aikin yakan haura kuɗin jirgin.

Shi Whaler ƙirarsa daban ce. Dick Fisher, wanda ya fito da shi a 1958, ya haɗa fatar faiba biyu ne ya cika tsakaninsu da soson roba mai tauri, har jikin ya zama dunƙule ɗaya. A 1961 mujallar Life ta buga hotonsa zaune cikin jirgin ana yanka shi biyu da zarto, bai nutse ba. Wannan suna ne ya sa tsohon Whaler yake riƙe farashinsa har yau. Duk da haka shi ma yana da tasa cutar. In an huda jikinsa aka bar hudar a buɗe, soson yakan sha ruwa, kuma fitar da shi aiki ne ja. Alamar ita ce nauyi: jirgin yana zama can ƙasa cikin ruwa, yana jan jiki wajen tashi. Mai hankali yakan ja shi a tirela zuwa ma'aunin manyan motoci, ya cire nauyin tirela da inji, ya gwada da nauyin da kamfani ya rubuta.

Sai inji, wanda a ƙaramin jirgi shi ne rabin dukiyar ko fiye. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai na rataye a baya, irin Yamaha ɗin da ake gani a bayan jiragen katako a Yawuri da Baga. Kyansa shi ne komai nasa a waje yake. In ya mutu, a kwance ƙusoshi a sauke shi a ɗora wani. Akwai kuma wanda rabinsa yake ciki rabinsa waje: injin mota ne a zaune cikin jirgi, yawanci bulok ɗin General Motors mai lita 3.0 ko 4.3 ko 5.7, sai wata ƙafa mai giya da farfela da ta ratsa bangon baya. Volvo Penta ce ta kawo wannan tsari kasuwa a 1959, MerCruiser ta biyo baya a 1961. Yana da daɗin tuƙi, ba shi da ƙara sosai, amma ya zo da babbar kafa a jikin jirgi, kuma abin da ya tsare ruwa daga wannan kafa roba ce mai lanƙwasa. Robar tana tsufa ta tsage. Jirage da yawa a ɗaure suke a matsaya, cikin dare, suka nutse saboda ita.

A nan sunan da ke jikin ƙafar injin ya fi sunan da ke jikin jirgin muhimmanci. Kamfanin OMC, wanda ya yi Johnson da Evinrude da ƙafar Cobra, ya karye a watan Disamba na 2000. Wani kamfanin Kanada ya sayi Johnson da Evinrude, shi ma ya daina ƙera Evinrude a 2020. Jiragen Bayliner da dama na ƙarshen shekarun 1980 da ƙafar Cobra suka fito. Inji ne da yake aiki lafiya in an kula da shi, sai dai wasu kayan gyaransa sun yi wuya, kuma makanikai da yawa ba sa karɓarsa. MerCruiser kuwa har yanzu ana yin sa, kayansa suna kowane shago na bakin ruwa. Don haka kafin a biya, a kira makaniken da ke kusa a tambaye shi ko yana taɓa irin wannan inji. Amsarsa tana iya yanke hukuncin cinikin gaba ɗaya.

A kuma tambayi inda jirgin ya yi rayuwarsa. Yawancin waɗannan injuna ba su da lagireto. Ruwan da jirgin yake kai shi suke zuƙa su huce da shi. In ruwan teku ne, gishiri yana cin ƙarfen ta ciki, musamman hanyar salansa inda ruwa da hayaƙi suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Idan bangon da ya raba su ya huje, ruwa yakan koma kan fistin ya kashe injin. Shi ya sa jirgin Fulorida da na tafkin Mishigan, ko da shekararsu ɗaya, ba tsufansu ɗaya ba. Amma arewa ma tana da nata sharrin. In mai jirgi ya manta bai tsiyaye ruwan inji ba kafin hunturu, ƙanƙara takan fasa bulok. A zaro sandar auna baƙin mai: in man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga.

Awannin da inji ya yi su ma suna magana. Injin fetur na cikin jirgi yakan kai wajen awa 1,500 kafin ya nemi babban gyara. Amma ƙarancin awanni a tsohon jirgi ba abin murna ba ne kai tsaye. Injin da ya shekara biyar a ajiye, robobinsa sun bushe, mai ya daskare a kafireta, tsatsa ta kama cikinsa. Gara wanda ake fita da shi duk bazara ana canja masa mai, da rasiɗan gyara a ajiye.

Tankin mai kuma a binne yake ƙarƙashin daɓe. Na alminiyam yakan huje inda danshi ya kwanta masa, na faiba na da kuwa fetur ɗin Amurka mai kashi 10 na itanol yana narkar da danƙonsa. A buɗe murfin inji a sansana. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana taruwa ne a gindin jirgi, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Saboda haka ne ake kunna fankar fitar da iska minti huɗu kafin a tayar da inji. Jirgin da yake warin fetur, a bar shi ko nawa aka rage.

Saura takardu da gwaji. Tun Nuwamba 1972 kowane sabon jirgi a Amurka yana fitowa da lamba mai haruffa 12 a bangon baya ta hannun dama, kuma a waɗanda aka ƙera daga Agusta 1984, lambobi biyun ƙarshe su ne shekarar samfurin. A gwada ta da abin da ke takarda. A sa makanike ya auna matsin kowace silinda. In ɗaya ta yi ƙasa da sauran da fiye da kashi 10 cikin 100, akwai matsala. Kada a saya sai an sa jirgin a ruwa an taka shi har ƙarshen gudunsa, domin inji yana iya kaɗawa lafiya a tsakar gida ya kasa da zarar ya ji nauyi. Ga babban jirgi irin Sea Ray ɗin nan, a ɗauki ƙwararren mai duba jirage da na'urarsa ta auna danshi. Kamfanonin inshora ma sukan nemi rahotonsa. A kuma tuna da abin da zai biyo baya: inji mai ƙarfin doki 200 yana shan kusan lita 75 a awa ɗaya in an sake masa wuta, ga kuɗin ajiya, ga babbar motar da za ta ja shi. Araha ba ta ado.

A cikin ukun nan, ga mai sayen farko, ni Whaler zan zaɓa in ma'auni ya nuna bai sha ruwa ba, domin injinsa na rataye ne kuma ba shi da ɗimbin kayan da za su lalace. Sea Ray ya dace da mai iyali da yake son kwana a ruwa, wanda kuma ya ware kuɗin gyara tun kafin ya biya. Bayliner ɗin kuwa, in bangon bayansa ya amsa guduma da kyau kuma akwai makaniken da ya san ƙafarsa, jirgi ne mai amfani. In ɗaya daga cikin biyun nan ya gaza, a wuce shi.