Hayar Mota a Tsibirin Zanzibar: Amana Biyu a Hannun Maigida

Maigidan da Allah Ya hore masa ya kai iyalinsa hutu tsibirin Zanzibar, yakan iske hayar mota ta fi masa sauƙi da sutura, domin motocin haya da ake kira dala-dala cike suke maƙil, kuma ba sa jiran wanda ya tsaya salla. Sai dai duk wanda ya karɓi makulli ya ɗauki amana biyu: dukiyar mai mota, da rayukan waɗanda ya ɗauko.

Zanzibar ta haɗe da Tanganyika a 1964 aka sami ƙasar Tanzaniya. Babban tsibirinta, Unguja, tsawonsa kimanin kilomita 85 ne, kuma galibin mutanensa Musulmi ne. Abu na farko da zai ba ɗan Nijar, Kamaru ko Cadi mamaki shi ne a hannun hagu ake tuƙi, gadon mulkin Ingila. Sitiyari yana dama, da hannun hagu ake sa giya, shataletale kuma ta hagu ake shigarsa. Hatsarin ya fi yawa a lokacin da hanya ta zama fayau, ko an fito daga gidan mai, domin a nan ne hannu yake komawa ga abin da ya saba. Yana da kyau uwargida ta riƙa tunatarwa, maigida kuma ya karɓa ba da fushi ba.

Lasisin tuƙi na gida, wato permi, bai wadatar shi kaɗai ba. Hukumomin tsibirin suna neman baƙo ya riƙe takardar izini ta wucin gadi, wadda masu ba da haya sukan karɓo masa a kan kuɗi kaɗan. Ƴan sanda suna tsayar da motoci a hanya, su nemi takardun biyu. Wanda takardunsa suka cika ba ya buƙatar miƙa wa kowa na goro. In an ci shi tara, ya nemi rasit, domin cin hanci haramun ne a gida da waje.

Malaman fiƙihu sun bayyana cewa abin haya amana ne a hannun wanda ya haya: ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare sharaɗi. Saboda haka a karanta yarjejeniya kafin a sa hannu. A tambayi abin da inshora ta ɗauka da abin da ta bari. A zagaya motar tare da mai ita, a ɗauki hoton duk wani ƙarcewa, a duba birki, fitilu da tayar ajiya, a rubuta yawan man da ke tanki. Ba da motar ga wanda sunansa ba ya cikin takarda, ko shiga da ita cikin rairayin bakin teku, ƙetare sharaɗi ne.

Tsohon birnin Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000, lungunansa ba sa ɗaukar mota. A ajiye ta a taka da ƙafa. Daga can zuwa Nungwi a arewa kimanin kilomita 60 ne. Hanyar kudu tana ratsa dajin Jozani, inda jajayen birai suke tsallakawa, ta kai Kizimkazi, inda masallaci yake ɗauke da rubutu mai shekarar Hijira ta 500, wato 1107. Kai yara su gani da idonsu ya fi darasin aji.

A kiyayi tuƙin dare, don masu kekuna da dabbobi ba su da fitila. Daga Maris zuwa Mayu ruwan sama yana ɓata hanyoyin ƙauye. A sassauta gudu kusa da makarantu da masallatai. Ɗan wani da ke bakin hanya, kamar naka yake a wurin uwarsa.

A yi addu'ar tafiya, a ɗaura bel, a mayar da mota yadda aka karɓe ta. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, amin.