Baje Kolin Motoci na Abuja: Abin da Dillalan Minna Za Su Duba

MINNA — Bikin baje kolin motoci da kamfanin BKG ke shiryawa a Abuja shi ne babban irinsa mafi kusa da 'yan kasuwar Minna, tafiyar kimanin kilomita 150 ta hanyar Suleja. Can ake jera sababbin motoci da bas-bas da babura da kayayyakin gyara, mai saye ya zagaya ya taya.

Wanda ya san jiya zai ga yadda kasuwar ta sauya. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, har Fijo 504 ta zama motar gwamnati da ta haya. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, 'yar Kwatano ta mamaye kasuwa. A fannin babura kuwa, Jincheng na Sin da Bajaj na Indiya suka samu karɓuwa wajen 'yan kabu-kabu saboda rahusa.

Janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023 ya sake dagula lissafi, hankalin masu sufuri ya karkata ga motoci masu amfani da iskar gas.

Don haka mai shirin zuba jari kada ƙyalƙyalin fenti ya ruɗe shi. Ya tambaya: ana samun kayan gyaranta a Minna? Akwai makanikin da ya san injinta? Ina za a sha gas? Mota na iya wata guda a gareji, amma bashin banki ba ya jira.