Gyaran Ɗakin Ɗaukar Murya Ma Sana'a Ce

Mai karatu, idan ka leƙa ƙananan situdiyon waƙa irin na Mararaban Rido, a kan hanyar Kaduna zuwa Kachiya, sau da yawa za ka tarar an lulluɓe bango da kwalin ƙwai, wai don maganin ƙara. A gaskiya amfaninsa kaɗan ne ƙwarai.

Aiki biyu ne ake rikitawa. Hana ƙarar janareta da manyan motoci shigowa sai bango mai kauri, da toshe kafofin ƙofa da taga. Kashe amsa-kuwwa kuwa, wato dawowar murya bayan ta bugi siminti, yana bukatar abu mai laushi da kauri kamar katifa da labule mai nauyi, musamman a kusurwoyi inda amon ganga ke taruwa. Wallace Sabine na Jami'ar Harvard a Amurka ya fara nazarin wannan a 1895, da kushin ɗin kujeru ya yi gwajinsa.

Gwani yakan tafa hannu a tsakiyar ɗaki ya saurara kafin ya sayi komai. A ganina, matashin da ya iya wannan ba zai rasa aiki ba a situdiyo, coci da masallatai, inda lasifika ke ta ƙara amma ba a fahimtar mai magana.