1.4 Madogaran Nazarin Tarihin Rini a Ƙasar Kura

Mai nazarin tarihin rini a Kura da Bunkure da Madobi yana da madogara uku. Ta farko ita ce rubuce-rubucen masana, kamar bayanin Barth wanda ya ziyarci Kano a 1851, da kundin Philip Shea (1975) kan rinannun tufafin ƙasar Kano. Ta biyu, rahotannin Turawan mulki da ke Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa, Kaduna. Ta uku, kayayyakin gargajiya na Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa. Sai dai takarda ba ta koyar da haɗa baba da toka ko bugun turkuɗi. Saboda haka wajibi ne a tuntuɓi tsofaffin marina a karofi tun suna raye.